Yadda Ake Sallamar Ma'aikaci a Najeriya Ba Tare da An Ƙare a Kotu Ba

Idan mai kamfani ya ɗaga murya a tsakiyar ofis ya ce wa ma'aikacinsa, "Tattara ya-naka-ya-naka, kada in ƙara ganin ƙafarka a nan," a ganinsa an gama. A wajen doka kuwa tsugune ba ta ƙare ba. Mai yiwuwa ma'aikacin ya cancanci korar, wataƙila ma kowa a wurin ya san halinsa. Amma alƙalin da zai saurari ƙarar bayan wata takwas ko shekara bai ga abin da ya faru ba, takardu kawai za a ajiye masa. Zai tambaya: an gaya wa mutumin laifinsa? An ji ta bakinsa? An ba shi notis? An biya shi haƙƙinsa? Wanda ba shi da amsar waɗannan a rubuce yana iya faɗuwa ko da shi ne mai gaskiya.

Wannan bayani na masu ɗaukar ma'aikata ne a wuraren da ba na gwamnati ba: gidan mai, gidan burodi, makarantar kuɗi, asibiti, kamfanin ruwan leda, masana'anta a Sharaɗa ko Bompai a Kano. Ma'aikatan gwamnati da na jami'o'in gwamnati tsarinsu daban ne, domin doka ce ta shimfiɗa yadda ake korarsu, kuma kotu na iya mayar da su bakin aiki idan aka tsallake ƙa'ida. Kai mai zaman kanka ba kasafai kotu za ta tilasta maka ka mayar da wanda ba ka so ba. Aljihunka za ta taɓa.

Mataki na farko: ɗauko fayil ɗinsa kafin ka buɗe baki

Duk abin da zai biyo baya yana rataye ne da takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta maka ka ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da tsawon notis ɗin da kowane ɓangare zai bayar idan za a rabu. Karanta takardar nan layi-layi, sannan ka karanta littafin ƙa'idojin ma'aikata idan kana da shi, da duk wata yarjejeniya da ka taɓa sa wa hannu da ƙungiyar ƙwadago. Abin da ka rubuta da hannunka shi za a fara kama ka da shi. Idan littafinka ya ce sai an yi gargaɗi biyu kafin kora, to sai an yi biyun, ko da kai ka manta an rubuta haka.

Idan babu takarda sam, kada ka ɗauka hakan ya kuɓutar da kai. Alat ɗin albashi na wata-wata, katin shaida, rajistar zuwa aiki, har saƙonnin WhatsApp da kake tura masa umarni, duk suna tabbatar da cewa ma'aikacinka ne. Haka nan wanda ake kira na wucin gadi alhali ya shekara huɗu yana zuwa kullum: kotu abin da ke faruwa a zahiri take dubawa, sunan da ka laƙaba masa bai dame ta ba.

Duba kuma matsayinsa. Dokar Ƙwadago, a sashe na 91, ta fi shafar masu aikin ƙarfi da aikin akawu, irin direba, maigadi, lebura, kashiya, mai kula da sito. Manaja, akanta, injiniya da likita ba su shiga ƙarƙashinta kai tsaye ba. Yarjejeniyarsu ce ke hukunta su, tare da hukunce-hukuncen kotu. Wanda yake lokacin gwaji ma yana da haƙƙin notis ɗin da takardarsa ta ambata. Idan kuma wa'adin gwajin ya wuce ka ci gaba da biyansa ba ka ce uffan ba, kotu na iya ɗaukar cewa ka tabbatar da shi.

Mataki na biyu: zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta

Hanyoyin rabuwa ba ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su yana jawo asara. Akwai sallama da notis, inda ka ba mutum wa'adi ko kuɗin wa'adin, ya tafi da dukan haƙƙoƙinsa da mutuncinsa. Akwai kora nan take saboda babban laifi, irin sata, zamba, duka a wurin aiki, cin zarafin mata, ko bijire wa halastaccen umarni da gangan. A nan babu notis, amma nauyin tabbatar da laifin yana wuyanka. Akwai rage ma'aikata saboda aiki ya ja baya. Akwai kuma ƙarewar kwantiragi mai wa'adi, wanda ke mutuwa da kansa idan ranarsa ta cika. Idan ka yanke irin wannan kafin lokacinsa ba tare da takardar ta ba ka dama ba, ana iya sa ka biya albashin watannin da suka rage.

A da, lauyoyi kan ce mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko maras kyau, ko babu dalili ma, muddin ya ba da notis. Takarda mai layi biyu ta wadatar: ba a buƙatar aikinka daga yau. Abin ya sauya tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010, wanda ya ƙara sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk wata ƙarar aiki ita kaɗai, tare da damar yin la'akari da kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Kotun ta riƙa jingina da Yarjejeniya ta 158 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce ba a sallamar mutum sai da ingantaccen dalili da ya shafi ƙwazonsa, ko halinsa, ko buƙatar kamfanin. A 2015, a ƙarar da wani ma'aikaci ya shigar da bankin Diamond, kotun ta ce sallama ba dalili ta saɓa wa wannan ƙa'ida. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da diyyar albashin shekara biyu ga wata ma'aikaciya da kamfanin Sahara Energy ya kora bisa zargin da bai tabbata ba.

A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da suka sa lauyoyi muhawara har yau. A shari'ar kamfanin simintin Dangote ta tsaya kan tsohuwar ƙa'ida cewa ba dole ne a faɗi dalili ba. A shari'ar bankin Skye kuwa ta nuna cewa diyya ba lallai ta tsaya ga kuɗin notis kawai ba. Abin da ya shafe ka shi ne: sabuwar ƙara a Kotun Ma'aikata za a fara ta, kuma a Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta tsaya. Shawarata ita ce ka faɗi dalili, na gaskiya, wanda za ka iya tabbatarwa da takarda. Tun 1988 Kotun Ƙoli ta ce duk wanda ya ambaci dalili sai ya tabbatar da shi. Saboda haka kada ka rubuta "sata" alhali abin da ke hannunka bai wuce giɓi a lissafi ba, wanda ba ka san ko sakaci ne ko hannu ba ne. Rubuta abin da ka sani: kuɗi kaza sun yi ɓatan dabo a ƙarƙashin kulawarsa, kuma bai ba da gamsasshen bayani ba.

Mataki na uku: tabbatar dalilinka ba ya cikin waɗanda doka ta haramta

Akwai dalilan da ko notis ɗin shekara ka bayar ba za su halasta ba. Sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana korar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago ko yana mata aiki. Sashe na 54 ya ba mace hutun haihuwa, mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki, kuma ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun, ko a ba ta notis ɗin da zai cika a cikinsa. Makarantun kuɗi su lura da wannan sosai, domin al'adar sallamar malama da zarar ciki ya fito ta zama ruwan dare, kuma zalunci ce ko da babu kotu. Wata doka ta 2014 ta hana nuna bambanci ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ta 2018 kuma ga masu buƙata ta musamman. Ƙabila, addini da jinsi ba dalilai ba ne. A 2013 Kotun Ma'aikata ta ci kamfanin Microsoft na Najeriya diyya saboda sallamar wata ma'aikaciya da ta ƙi amsa neman da shugabanta ke mata.

Rashin lafiya ma sai an yi hattara. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashi idan likita ya tabbatar. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa maganarsa ta Dokar Diyyar Ma'aikata ce ta 2010 da NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar ma'aikata, wadda kake zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kake biya. A kai rahoton haɗarin, a nema masa diyyarsa. Sallamar mutumin da inji ya cinye wa yatsu a masana'antarka, tun bandeji bai bar hannunsa ba, abu ne da ba zai yi kyan gani a gaban kowane alƙali ba.

Mataki na huɗu: ji ta bakinsa, a rubuce

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin sakaci. Idan laifi ne, fara da takardar neman ba'asi, wadda ma'aikata ke kira kwairi. Ta faɗi abin da ake zargi ƙarara, da rana da wuri da adadi, ta ba shi lokacin amsawa. Takardar da ta ce "ka yi bayanin munanan halayenka" ba ta da amfani, domin ba wanda zai iya kare kansa daga zargin da ba shi da kai ba shi da ƙafa. Ga yadda mai kyau take:

"A ranar Talata 11 ga wata, kai ne ke kan famfo na biyu daga ƙarfe 7 na safe zuwa 3 na yamma. Mita ta nuna an sayar da mai na naira 412,000, amma kuɗin da ka miƙa wa kashiya, haɗe da na POS, naira 377,000 ne. Ka bayyana a rubuce, cikin awa 48 da karɓar wannan takarda, inda naira 35,000 ta shiga, da dalilin da zai hana a ɗauki mataki a kanka."

A ba shi kwafi, ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. Idan ya ƙi karɓa, a kira mutum biyu su shaida, su rubuta cewa an miƙa masa ya ƙi, sannan a tura masa hoton takardar ta waya. Idan ba ya karanta Turanci, a karanta masa da Hausa a gaban shaida, a rubuta a ƙasan takardar wanda ya fassara. In ya fi iya rubutu da Hausa ko ajami, a karɓi amsarsa a haka. Manufar ita ce ya fahimci zargin ya kuma kare kansa, ba a gwada turancinsa ba.

Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa kwairi da amsarsa na iya wadatarwa a matsayin sauraron ɓangarensa. Amma idan ya musanta, ko ya ambaci wani, ko littafin ƙa'idojinka ya tanadi kwamiti, to a zauna. Mutum uku sun isa. Wanda ya kawo ƙarar kada ya zama shugaban zaman, kada ma ya zauna cikin masu yanke hukunci. Shaida ne kawai. A nuna wa ma'aikacin duk takardar da za a dogara da ita, a bar shi ya yi wa masu ba da shaida tambayoyi, a bar shi ya zo da wakilin ƙungiya ko abokin aiki. Wani ya rubuta abin da aka faɗa, kowa ya sa hannu a ƙarshe. Kuma a shiga zaman da zuciyar da za ta iya sauyawa. Sau da yawa amsar kwairi ce ke fallasa cewa mitar ce ta lalace, ko wani ne ya karɓi famfon na awa ɗaya ba a rubuta ba. Idan an riga an buga takardar kora kafin zaman, kwanan watan da ke kanta zai tona asiri.

Idan zamansa a wurin zai ɓata bincike, a dakatar da shi, a rubuce, na ƙayyadadden lokaci. Dakatarwa ba kora ba ce. Har yanzu ma'aikacinka ne. Idan takardar aikinsa ba ta ba ka damar dakatarwa ba albashi ba, ci gaba da biyansa. Dakatarwa "har sai abin da hali ya yi" ta wata da watanni tarko ce, domin ana iya sa ka biya albashin dukan lokacin.

Kada a hukunta mutum sau biyu kan laifi ɗaya. Idan ka ba shi takardar gargaɗi kan abu a watan Maris, ba za ka dawo a watan Agusta ka kore shi kan abin nan ba, sai dai in ya sake. Haka kuma idan ka san laifin ka yi shiru shekara guda, har ka ƙara masa girma, kotu na iya cewa ka yafe.

Rashin ƙwazo hanyarsa ta fi tsawo, kuma daidai ne ta yi tsawo. Gaya masa inda ya gaza a rubuce, da abin da ake so ya cim ma, da wa'adi mai ma'ana, wata biyu ko uku. Ba shi horo idan yana buƙata. A zauna a duba a tsakiyar wa'adin. Idan bai gyaru ba, sallama ce da notis da cikakken haƙƙi, ba kora ba. Malamin da bai iya koyar da lissafi ba bai yi sata ba.

Idan laifin ya kai na 'yan sanda, ba sai ka jira kotu ta yanke hukunci kafin ka kore shi ba. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 2004 a wata shari'ar First Bank, matuƙar ka saurare shi. Sai dai a raba abubuwa biyu. Kai rahoton sata haƙƙinka ne. Sa a tsare mutum a caji ofis har sai danginsa sun haɗa kuɗin giɓi ko bashi kuwa laifi ne: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin yarjejeniya, kuma ƙarar tauye haƙƙi da za ta biyo baya da sunanka za a shigar.

Mataki na biyar: lissafa notis daidai

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ajiye mafi ƙarancin wa'adi. Wanda aikinsa bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Notis ɗin mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta cikin lissafi. Idan takardar aikinsa ta ba shi fiye da haka, kamar wata ɗaya ga ƙananan ma'aikata da wata uku ga manya, ita za ka bi.

Kana iya biyan kuɗi a madadin notis idan ba ka son ya ci gaba da zama. Amma a biya a lokacin sallamar, tare da takardar. A 1993, a wata shari'ar kamfanin Shell, Kotun Ƙoli ta ce rubuta alkawarin biya a cikin takarda bai wadatar ba, sai an biya a lokacin. "Ka dawo ƙarshen wata ka ga akanta" na iya mayar da halastacciyar sallama ta zama haramtacciya. Kuma kada a mayar da kwanan wata baya don a guje wa albashin kwanakin da ya riga ya yi.

Mataki na shida: haɗa kuɗinsa kafin ka kira shi

Ɗauki misalin kashiya da ya yi shekara uku, albashinsa naira 90,000 a wata: 60,000 tushe, 30,000 alawus. Takardarsa ta ce notis wata ɗaya. Za a sallame shi ranar 20 ga wata mai kwana 30. Kwanakin da ya yi aiki sun kama 60,000. Kuɗin madadin notis, a ƙa'idar sashe na 11, tushen albashi ne ba tare da alawus da kuɗin aikin bayan lokaci ba, wato 60,000. Amma idan takardarsa "albashin wata ɗaya" kawai ta ce, biya 90,000 ka huta da gardama. Bai ɗauki hutunsa na bana ba, wanda doka ta ce aƙalla kwana shida ne na aiki bayan wata goma sha biyu: 18,000. Idan 90,000 ka biya na notis, jimilla 168,000. Ana bin sa ragowar rance 20,000 da ya sa wa hannu, saura 148,000, kafin a cire haraji da kasonsa na fansho daga abin da ya kamata. Rubuta wannan lissafi a takarda ɗaya, ya gani, ya sa hannu, a tura ta banki don shaida ta zauna.

Ba ka da ikon zaftare albashi yadda ka ga dama. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci. Idan ɓarna ya yi da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za ka cire, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Wanda aka kora kan babban laifi yana rasa kuɗin notis, wani lokaci da garatuti idan yarjejeniya ta ce haka, amma albashin kwanakin da ya riga ya yi nasa ne. Hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe bai ware wanda aka rabu da shi cikin ɓacin rai ba.

Garatuti ba wajibi ba ne a dokar ƙasa ga kamfani mai zaman kansa, sai idan takardar aiki ko yarjejeniyar ƙungiya ta ambace shi, ko ka saba biyan kowa. Fansho kuwa wajibi ne ga kamfanonin da Dokar Fansho ta 2014 ta shafa: kashi 10 naka, kashi 8 nasa, a zuba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Idan akwai watannin da ka cire ba ka zuba ba, zuba su yanzu, domin akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 a kowane wata. Kuma ka sani takardar sallamar da za ka ba shi tana da amfani a nan: wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya cirar kashi 25 na asusunsa, kuma kamfanin fansho zai nemi ganin takardar. Wanda ka sallama da baki ka toshe masa wannan ƙofar.

Mataki na bakwai: takardar da ranar miƙa ta

Takardar ta zama gajera: dalili a jimla ɗaya ko biyu, ambaton kwairi da zaman da aka yi da ranakunsu, sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi, ranar da aikin ya ƙare, kuɗin da aka biya, da kayan da zai mayar. Ban da zagi, ban da tarihin duk ɓacin ran da ya taɓa jawo maka. Wanda yake da ikon sallama a tsarin kamfanin shi zai sa hannu, ba ɗan mai gida da ya leƙo ofis ba.

A kira shi ofis a keɓe, da shaida ɗaya. A faɗa masa kai tsaye: "Malam, mun karanta amsarka, mun kuma zauna da kai ranar Litinin. Bayanin bai gamsar ba, don haka aikinka da mu ya ƙare daga yau. Ga takardarka, ga lissafin haƙƙinka, an riga an tura." A bar shi ya yi magana, kada a koma gardamar da aka gama. A karɓi makullai, katin shaida, waya ko babur ɗin kamfani, a ba shi rasit, a sauya lambobin sirri. Idan yana zaune a gidan kamfani, a ba shi wa'adi mai ma'ana. Ba a watso kayan iyali waje a rana ɗaya. Idan kana riƙe da ainihin takardun makarantarsa, mayar masa a ranar.

Akwai dabarar da wasu ke ganin rufin asiri ce: a ajiye masa farar takarda a ce ya rubuta murabus yanzu-yanzu ko a kira 'yan sanda. Ko a kwashe masa tebur, a rage masa albashi, a tura shi reshe mai nisa don ya gaji ya tafi. Kotun Ma'aikata na ɗaukar wannan a matsayin kora ta bayan gida, tana kuma ba da diyya. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Idan da gaske ana son a rabu lafiya, a yi yarjejeniyar rabuwa a rubuce, a ƙara masa wani abu a kan haƙƙinsa, a ba shi kwanaki ya je ya yi shawara kafin ya sa hannu. Idan kuma shi ya kawo takardar murabus da kansa, ba ka da ikon ƙin karɓa. Abin da kake bin sa sai ka nema ta hanyarsa.

Idan rage ma'aikata ne

Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ɗora maka abu uku. Ka sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Ka bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya a kowane rukuni, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana. Ka kuma yi bakin ƙoƙarinka wajen daidaitawa kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanke adadi ba. Yarjejeniyar ƙungiya ko ciniki ne ke yankewa, galibi ana lissafa makonni kaza na albashi a kan kowace shekarar aiki. Rubuta ma'aunin da ka yi zaɓe da shi kafin ka rubuta sunaye. Kada ka fake da ragewa don ka rabu da mutum ɗaya da ya dame ka, sannan bayan mako biyu ka ɗauki wani a kujerarsa.

Wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san abin da rufe masana'anta ba tare da tanadin haƙƙin ma'aikata ba ke haifarwa. Masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Idan ka hango kasuwa na ja da baya, ware kuɗin sallama tun da sauran ƙarfi, kafin banki da masu kawo kaya su cinye abin da ya rage.

Bayan ya tafi

Ba shi takardar shaidar aiki mai ɗauke da muƙami da ranar farawa da ta gamawa. Idan dole ne abokan ciniki su sani, sanarwa ɗaya ta isa: wane ba ya aiki da mu daga rana kaza. Kada ka ɗora hotonsa a Facebook da kalmar ɓarawo alhali kotu ba ta kama shi da laifi ba. Ƙarar ɓata suna daban take da ta aiki. Ajiye fayil ɗin gaba ɗaya. Doka ta ce shekara uku, amma ƙara na iya zuwa bayan haka, don haka ajiye shi fiye.

Idan takardar lauya ta zo, ko gayyata daga ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, je da fayil ɗinka ka zauna. Sulhu a wannan gaɓa ya fi araha nesa ba kusa ba. Idan kuma sammaci ne daga Kotun Ma'aikata, wadda ke da rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato, Jos, Abuja da sauran garuruwa, kai wa lauya a ranar, domin kwana 14 kake da su ka shigar da amsar bayyana, kuma kotu na iya yanke hukunci a bayan idonka idan ka yi biris. Kotun tana da cibiyar sasanci tun 2015, kuma lauyanka na iya roƙon alƙali ya tura maganar can kafin a fara kiran shaidu.